Saduwa Tsakanin Muharramai: Abin da Kimiyya Ta Gano da Inda Masana Shari'a Suka Saɓa

Gabatarwa

Da wuya a sami wata al'umma a doron ƙasa wadda ba ta haramta saduwa tsakanin uwa da ɗanta, ko uba da 'yarsa, ko wa da ƙanwarsa ba. Wannan hani ya girmi rubutu, ya kuma ratsa addinai da al'adu waɗanda ba su taɓa jin labarin juna ba. Duk da haka, a cikin shekarun nan muhawara ta ɓarke a kotuna da jami'o'in Turai a kan wata tambaya mai nauyin faɗa: idan mutane biyu baligai, masu hankali, waɗanda jini ya haɗa, suka sadu bisa yardar junansu, shin hukuma tana da hurumin ɗaure su? In tana da shi, a kan wace hujja? Wannan maƙala za ta bi sawun muhawarar, ta bayyana abin da ilmin gado da ilmin halayyar ɗan'adam suka gano, sannan ta kawo hujjojin kowane ɓangare.

Shari'ar da ta tayar da ƙura

An haifi Patrick Stübing a birnin Leipzig na ƙasar Jamus a shekarar 1976. Yana ɗan shekara uku aka ɗauke shi daga gidan iyayensa aka kai shi gidan renon yara, daga baya wasu ma'aurata suka riƙe shi. Sai a shekarar 2000 ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa, a nan ne kuma ya tarar yana da ƙanwa wadda aka haifa a 1984, wato bayan rabuwarsa da gida. Mahaifiyar ta rasu a ƙarshen wannan shekara. Daga nan dangantaka ta ƙullu tsakanin wa da ƙanwa, har suka haifi 'ya'ya huɗu tsakanin 2001 da 2005.

Sashe na 173 na dokar manyan laifuffuka ta Jamus ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga wanda ya sadu da ɗansa ko jikansa, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga 'yan'uwa na jini da suka sadu da juna. Da wannan sashe aka hukunta Stübing fiye da sau ɗaya. Ya kai kuka Kotun Tsarin Mulki ta Tarayyar Jamus, amma a ranar 26 ga Fabrairu, 2008, alƙalai bakwai daga cikin takwas suka tabbatar da cewa dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Suka kafa hujja da kare tsarin iyali, da kare mai rauni daga mai ƙarfi a cikin dangantakar, da gudun haifar yara masu naƙasa, da kuma daɗaɗɗen ƙyamar da al'umma ke yi wa abin. Alƙali ɗaya, Winfried Hassemer, mataimakin shugaban kotun, ya saɓa musu. A ganinsa, abin da dokar ke karewa a haƙiƙa shi ne ra'ayin jama'a game da ɗa'a, kuma wannan shi kaɗai bai isa a jefa mutum kurkuku ba.

Maganar ta kai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg. A ranar 12 ga Afrilu, 2012, kotun ta yanke cewa Jamus ba ta tauye haƙƙin mai ƙara ba. Ta lura cewa daga cikin ƙasashen Turai 31 da aka duba dokokinsu, 16 suna hukunta irin wannan saduwa tsakanin 'yan'uwa baligai, 15 ba sa hukuntawa. Tun da ƙasashen ba su yi ittifaƙi ba, sai ta bar wa kowace ƙasa ta zaɓi abin da ya dace da ita. A watan Satumba na 2014 Majalisar Ɗa'a ta Jamus, wadda ke ba gwamnati shawara, ta nemi a daina hukunta 'yan'uwa baligai, inda wakilai 14 suka goyi baya, 9 suka ƙi, 2 suka yi rowar ƙuri'unsu. Majalisar dokokin ƙasar ba ta karɓi shawarar ba.

Tsufan hanin

Dokokin Hammurabi, Sarkin Babila, waɗanda aka sassaƙa a dutse kimanin shekara 3,700 da suka wuce, sun hukunta uban da ya sadu da 'yarsa da kora daga gari, uwa da ɗanta kuwa da ƙonewa. Babi na 18 na Littafin Firistoci a cikin Attaura ya jera dangin da aka haramta. Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta ambaci matan da aurensu ya haramta, daga uwaye da 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata, zuwa gwaggo da inna da 'ya'yan ɗan'uwa da 'ya'yan 'yar'uwa. Ta haɗa har da waɗanda shayarwa ta haramta, da surukai, da agolar da aka sadu da mahaifiyarta. Abin lura a nan shi ne, hanin Musulunci ya wuce iyakar jini, domin babu gadon halitta tsakanin mutum da matar da ta shayar da shi ko uwar matarsa. Wannan ya nuna cewa kare alfarmar gida yana cikin manufofin hanin, tare da kare zuriya.

Tarihi ya adana wasu wurare da aka keta wannan iyaka. Sarakunan tsohuwar Masar sukan auri 'yan'uwansu mata don kada sarauta ta fita daga gida. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2010 ya nuna cewa iyayen Fir'auna Tutankhamun wa da ƙanwa ne. Haka kuma takardun ƙidayar jama'a na Masar a zamanin mulkin Rumawa sun nuna aure tsakanin 'yan'uwa har a gidajen talakawa, ko da yake wasu masana tarihi suna ganin da yawa daga cikin mazan nan 'ya'yan riƙo ne da aka shigar cikin gida aka aura musu 'yar gidan.

Abin da ilmin gado ya bayyana

Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu na kusan kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai ƙwayoyi masu lahani waɗanda ba sa bayyana sai mutum ya gaji guda biyu iri ɗaya. Misalin da aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne ciwon sikila, wato amosanin jini. Mai rukunin AS lafiyarsa lau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kusan kowane ɗan'adam yana ɗauke da wasu 'yan ƙwayoyi masu lahani irin waɗannan a ɓoye, sai dai galibi na wannan daban ne da na wancan, don haka ba safai suke haɗuwa ba.

Kusancin jini shi ke rushe wannan kariya. Uba da 'yarsa sun yi tarayya a rabin ƙwayoyin gadonsu, shaƙiƙai ma kimanin rabi. 'Yan uba, ko kawu da 'yar 'yar'uwarsa, kashi ɗaya cikin huɗu. 'Ya'yan wa da ƙane, ko taubasai, kashi ɗaya cikin takwas. Alal misali, a ɗauka akwai wata ƙwaya mai lahani da mutum ɗaya cikin 50 ke ɗauke da ita. Idan bare ya auri bare, yiwuwar ɗansu ya kamu da cutar ita ce kimanin ɗaya cikin 10,000. Idan 'ya'yan wa da ƙane ne, sai ta koma kimanin ɗaya cikin 1,400. Idan kuwa shaƙiƙai ne, ta kai kusan ɗaya cikin 400. Wannan lissafin cuta guda ke nan, alhali irin waɗannan cututtuka sun haura dubu.

A shekarar 1971 wata likita a ƙasar Cekoslobakiya, Eva Seemanová, ta buga bincike a kan yara 161 da aka haifa ta hanyar saduwar muharramai, ta kwatanta su da 'yan'uwansu da uwayen suka haifa da wasu mazan da ba danginsu ba. Kimanin kashi 40 cikin 100 na rukunin farko sun zo da mummunar naƙasa ko sun rasu da ƙuruciya, adadin da ya ninka na rukuni na biyu sau da yawa. Masana suna karanta irin wannan adadi da taka-tsantsan, saboda wasu daga cikin iyayen su ma suna da taɓuwar ƙwaƙwalwa, kuma yaran da suka zo da lahani su suka fi saurin zuwa hannun likita. Duk da haka, babu saɓani a kan cewa haɗarin babba ne.

Lahanin yana kuma taruwa idan aka daɗe ana auratayya a gida ɗaya. Sarki Carlos na Biyu na ƙasar Sifen, wanda ya rasu a 1700 ba tare da magaji ba, ya yi fama da rashin lafiya tun yana jariri. A 2009 masana a Jami'ar Santiago de Compostela suka bi salsalar gidansu na Habsburg, mutum fiye da 3,000 a tsawon zuriya 16. Suka gano cewa auren kawu da 'yar 'yar'uwa da auren zumunci da aka yi ta maimaitawa sun sa gadonsa ya cakuɗe tamkar na wanda wa da ƙanwa suka haifa.

Daga ina ƙyamar ta fito?

Masana sun daɗe suna jayayya a kan asalin wannan ƙyama. Sigmund Freud, a littafinsa na 1913, ya ɗauka cewa sha'awar tana nan a zuciyar ɗan'adam, al'ada ce ke danne ta. Masanin al'adu na Faransa, Claude Lévi-Strauss, ya yi bayani a 1949 cewa hanin shi ke tilasta wa kowane gida ya bayar da 'yarsa ga wani gida, ta haka zumunci ke yaɗuwa har al'umma ta ginu. Amma tun a 1891 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Edward Westermarck, ya kawo wata fassarar daban. A cewarsa, yaran da suka tashi tare tun suna ƙanana sukan girma ba tare da sha'awar juna ba, ko da jini bai haɗa su ba. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

An sami hujjoji biyu masu ƙarfi da suka goyi bayan Westermarck. A ƙauyukan gama-kai na Isra'ila da ake kira kibbutz, a da akan reni yaran gidaje daban-daban a ɗaki ɗaya tun suna jarirai. Joseph Shepher ya duba aure 2,769 na waɗanda suka tashi a irin waɗannan ƙauyuka, ya buga sakamakon a 1971. Aure 14 kaɗai ya samu tsakanin 'yan rukunin reno ɗaya, kuma babu ko ɗaya tsakanin waɗanda suka yi shekaru shida na farkon rayuwarsu tare. A tsibirin Taiwan kuwa, a da akwai al'adar ɗauko yarinya tun tana jaririya a rene ta tare da yaron da za ta aura. Arthur Wolf na Jami'ar Stanford ya bi tarihin mata fiye da 14,000 a cikin rajistar gidaje da Japanawa suka ajiye lokacin da suke mulkin tsibirin. Ya tarar irin wannan aure ya fi saurin mutuwa, haihuwa kuma ta fi ƙaranci a cikinsa.

Haka abin yake a dawa. Zakuna maza sukan bar garken da aka haife su idan sun balaga, kuma a wajen birai nau'in cimfanzi mata ne galibi ke ƙaura. Tsirrai masu yawa suna da hanyar ƙin karɓar barbarar furensu. Wannan fahimta ta haska wani ɓangare na shari'ar Leipzig, domin wa da ƙanwar ba su taɓa zama gida ɗaya suna yara ba, saboda haka birkin da sabo ke dasawa bai samu ba.

Saɓanin dokokin ƙasashe

Faransa ta cire wannan laifi daga dokokinta bayan juyin juya hali, a dokar 1791, kuma dokar Napoleon ta 1810 ba ta maido da shi ba. Amma dokar aure ta ƙasar ta hana muharramai yin aure, sannan a watan Afrilu na 2021 aka tsaurara hukunci a kan babban da ya sadu da muharraminsa mai ƙasa da shekara 18. A Ingila kuwa, kotunan coci ne ke duba maganar har zuwa 1908, lokacin da majalisa ta mai da ita laifi, kuma dokar 2003 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko da duka biyun baligai ne. A Amurka kusan dukkan jihohi suna hukuntawa, ban da irin su New Jersey da Rhode Island, waɗanda ba sa hukunta baligai masu yardar juna.

A Nijeriya matsayin doka a fili yake. Sashe na 390 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, a sashe na 25, ta sa aƙalla shekara goma, in kuwa da yardar ɓangarorin biyu aka yi, aƙalla shekara biyar, ba tare da zaɓin tara ba.

Hujjojin masu neman a janye hukunci

Masu wannan ra'ayi sun dogara ga ƙa'idar da John Stuart Mill ya shimfiɗa a 1859, cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa baligi sai don hana shi cutar da wani. Suna cewa fyaɗe da lalata da yara da amfani da iko a kan na ƙasa duk suna da dokokinsu, don haka abin da ya rage wa dokar muharramai shi ne baligai biyu da ba su cuci kowa ba. Game da naƙasar yara, suna tambaya: me ya sa doka ba ta ɗaure masu AS biyu da suka yi aure, alhali haɗarin da ke kan 'ya'yansu ɗaya cikin huɗu ne? Wannan tambaya tana da zafi ainun a Jamus, inda gwamnatin Nazi ta kafa dokar 1933 ta dandaƙe naƙasassu da sunan tsarkake zuriya. Bugu da ƙari, suna nuni da cewa a shari'ar Leipzig babu wani iyali da hukuncin ya kare, tun da gidan ya riga ya watse tun mai laifin yana yaro. Da yawansu suna jaddada cewa janye ɗauri daban yake da halatta aure ko yaba wa aikin.

Hujjojin masu kare dokar

Hujja ta farko ita ce ta yarda. A cikin gida ba a zama daidai wa daida. Uba ba ya daina zama uba don 'yarsa ta cika shekara 18, kuma mafi yawan abin da ke zuwa gaban kotu ya faro ne tun wanda aka zalunta yana yaro. Idan doka ta ce a jira ranar balaga, to ta ba mugu damar ya yi shekaru yana shirya abin farautarsa a ƙarƙashin inuwar reno. Ko a shari'ar Leipzig, ƙanwar tana da shekara 16 lokacin da abin ya fara, kuma kotu ta same ta mai raunin hali, mai dogaro ƙwarai ga wanta, shi ya sa ba a hukunta ta ba.

Hujja ta biyu ta shafi amana. Gida shi ne wurin da yarinya ke kwana ba tare da tsoron mazan da ke cikinsa ba, kuma wannan aminci ya dogara ne ga sanin kowa cewa ƙofar a rufe take har abada. Hujja ta uku ita ce ta ɗan da za a haifa, wanda ba a nemi yardarsa ba, wanda kuma zai tashi babansa shi ne kawunsa. Alƙalin Ingila Patrick Devlin ya faɗa a laccarsa ta 1959 cewa ɗa'ar da al'umma ta yi tarayya a kai tana cikin abin da ke riƙe da ita, don haka tana da ikon kare ta da doka. H. L. A. Hart na Jami'ar Oxford ya mayar masa da martani a 1963, yana mai cewa ƙyamar jama'a kaɗai ba hujja ba ce. Ga mai bin addini kuwa, yardar mutum biyu ba ta halatta abin da Allah Ya haramta, saboda haka maganar yarda ba ta ma taso ba.

Masanin halayyar ɗan'adam Jonathan Haidt ya gwada wannan a kan ɗalibai a Amurka, ya yi bayaninsa a 2001. Ya ba su ƙagaggen labarin wa da ƙanwa, ya toshe duk wata kafar cutarwa a cikinsa, ba ciki, ba wanda ya sani, ba nadama. Mafi yawansu suka ce aikin mummuna ne, suka kuma tsaya a kan haka ko da hujjojinsu sun ƙare. Kowane ɓangare ya ja wannan sakamako zuwa gefensa. Wasu suka ce ya nuna hukuncin zuciya ne kawai marar dalili, wasu suka ce ƙyamar da ta daɗe haka tana ɗauke da hikimar da baki bai iya furtawa ba.

Kammalawa

Kimiyya ta auna haɗarin da ke kan zuriya, ta kuma bayyana yadda zaman tare a ƙuruciya ke kashe sha'awa. Amma ba aikinta ba ne ta ce a ɗaure ko a saki, wannan hurumin addini ne da ɗa'a da masu kafa doka, kuma a nan ne ƙasashen Turai suka rabu kusan biyu daidai.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi mai karatu kai tsaye. Na farko, kada a cakuɗa wannan magana da auren zumunci, wanda halal ne a Musulunci kuma sananne a ƙasar Hausa. Haɗarinsa ya yi ƙasa da na muharramai nesa ba kusa ba, ko da yake bai ɓace ba. Binciken da aka yi a birnin Bradford na Ingila, wanda aka buga a 2013, ya nuna naƙasar haihuwa ta tashi daga kimanin kashi 3 zuwa kashi 6 cikin 100 a 'ya'yan irin wannan aure. Gidan da aka san yana da sikila ko wata cutar gado, ko wanda aka daɗe ana auratayya a cikinsa, ya kamata ya nemi gwajin jini da shawarar likita kafin a sa rana. Na biyu, duk ɓangarorin muhawarar sun haɗu a kan cewa saduwa da yaro ko yarinya a cikin gida zalunci ne tsantsa. Irin wannan ne ya fi yawa, shi ne kuma aka fi binnewa da sunan rufin asiri. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko maƙwabcin da ya ga alamarsa, wajibi ne ya kai maganar inda za a ceci yaron.